Furen safiya a jikin danga: daga shuka zuwa tara iri

4 ga Mayu

Dangar bayan gida ta daɗe tana tsaye tsirara, tsawonta taku goma sha biyu, babu ko ganye ɗaya a jikinta. Bana na ƙudura zan lulluɓe ta da furen safiya, wato yaɗon nan mai fure kamar bakin mazurari, wanda ke buɗewa da sassafe ya kuma yi yaushi kafin rana ta take. A jikin fakitin iri Morning Glory ake rubutawa. Masana tsirrai kuwa Ipomoea suke ce wa zuriyar, kuma zuriya ce babba, nau'inta ya haura 600. Dankalin Hausa ma a cikinta yake, haka nan duman rafi.

Abu biyu nake so. Danga ta rufe, sannan in san sunan kowane yaɗo da ya hau ta, da hujjar da idona ya gani. Na biyun ya fi cin raina, domin na sha ganin an nuna shuɗin fure an laƙaba masa suna don kawai shuɗi ne.

Iri kashi biyu ne a hannuna. Akwai fakitin da na saya, an rubuta masa Heavenly Blue, wanda shi ne Ipomoea tricolor, ɗan asalin Meziko da ƙasashen da ke kusa da ita. Sai wani ƙullin takarda da Gwaggo ta ba ni, ƙwaya goma, ba suna. Na ce, "Gwaggo, wane iri ne wannan?" Ta ce, "Shuɗi ne, ɗan nan, mai kyau kuwa. Shuka ka gani."

Da na zazzage fakitin a kan farar takarda sai na ga ƙwaya goma sha biyar ba kamarsu ɗaya ba. Goma sha biyu dogaye ne, sirara, baƙaƙe, da tsini a gefe guda. Uku kuwa gajeru ne, bayansu a gantsare, ciki mai kusurwa. Na ware ukun gefe. Na Gwaggo sun fi duka girma da kauri.

Ɓawon irin nan tauri gare shi, ruwa ba ya ratsa shi da wuri. Na ɗauki abin yanke farce na ɗan ƙwarzane bayan kowace ƙwaya har fari-fari ya leƙo, ina kauce wa wajen cibiyar, inda saiwa za ta ɓullo. Na jiƙa su a kofi uku daban-daban, su kwana.

5 ga Mayu

Sun kumbura, wasu har sun ninka. Na shuka su kai tsaye a gindin danga, zurfin kamar santimita 1, tazarar taƙi ɗaya tsakaninsu, saboda wannan tsiro ba ya son a motsa masa saiwa da dashe. Na fakiti daga hagu, gajerun ukun nan a tsakiya, na Gwaggo takwas a dama, ragowar biyun kuma can lungun hagu inda wuri ya rage. Kowane rukuni na kafa masa tsinke da alama.

10 ga Mayu

Sun tsiro. Ganyen farko guda biyu ne, kowanne da tsaga a baki, in ka dube su tare sai ka ce malam-buɗe-littafi ne ya sauka a ƙasa. Goma cikin dogaye goma sha biyu sun fito, gajerun uku duka, na Gwaggo takwas cikin goma, shida a dama da biyun lungu.

19 ga Mayu

Ganyen gaskiya ya fara fitowa, bambanci kuma ya fara bayyana a hannu tun kafin ido. Na dogayen iri sumul suke, kara da ganye babu gashi ko ɗaya, ganyen kamar zanen zuciya. Gajerun ukun su ma zuciya ne, amma in ka shafa karan daga ƙasa zuwa sama za ka ji gashi yana tokare yatsa, don ƙasa yake kallo. Na Gwaggo gashi ne buzu-buzu, ganyen kuma ya rabu gida uku, na tsakiya ya fi tsawo.

Ban yarda in yanke hukunci da ganye ba. A zuriyar nan ganye yana yaudara, tsiro ɗaya kan fitar da mai tsaga da marar tsaga. Amma gashin kara a kan ukun nan ya riga ya gaya mini cewa ba tricolor ba ne, ko me aka rubuta a fakiti.

Akwai kuma baƙo. Wani siririn yaɗo ya ɓullo kusa da turken tsakiya, inda ban shuka komai ba. Ganyensa ƙanana ne, kamar kan kibiya, da kunne biyu a baya. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne ba shi da ganyen farkon nan guda biyu. Tsiron da ya fito ba tare da su ba, ba daga ƙwaya ya fito ba, daga tsohuwar saiwa ce da ke kwance a ƙasa.

28 ga Mayu

Kwana uku ina ganin kawunan yaɗon suna lilo a iska, suna taɓa turakun danga suna zamewa. Furen safiya ba shi da ƙananan zaren kamu irin na kabewa, da jikinsa gaba ɗaya yake nannaɗe abu, saboda haka abu mai kauri ko bango mai santsi ba ya kamuwa gare shi. Na ɗaure igiyoyi sirara daga ƙasa zuwa saman danga, kowane tsiro da tasa.

Da yamma na zauna na zuba wa guda ɗaya ido. Na kafa tsinke daidai inda kansa ya nufa, na je na dawo bayan minti ashirin, na tarar ya gota. Kan yaɗon zagayawa yake yi a hankali, yana laluben abin kamawa, kuma kullum gefe guda yake bi: in ka leƙo daga sama, akasin tafiyar hannun agogo. 'Yata ta kwance ɗaya ta naɗa shi ta ɗaya gefen don ta gani. Washegari ya warware kansa ya koma yadda ya saba. Ta ce, "Baba, wa ya gaya masa?" Na ce a jikinsa abin yake. Charles Darwin, masanin halittu na Ingila, ma ya zauna da agogo yana auna irin wannan zagaye a tsirrai masu hawa, ya fitar da bayaninsa a 1865.

9 ga Yuni

Na tona gindin baƙon nan. Saiwa ce fara, mai ƙaramin kauri, tana karyewa ɓas da an ja ta, ta yi ƙasa ta kuma yi gefe. Na bi ta har tsawon hannuna ban ga ƙarshenta ba. Zargina ya tafi kan Convolvulus arvensis, ɗan uwan furen safiya ne a babban gida, amma mugun haki ne, ɗan asalin Turai da Asiya da ya bazu a duniya. Saiwarsa kan nutse mita da dama, kowane guntu da ya karye yana iya zama sabon tsiro, ƙwayarsa kuma kan yi sama da shekara 20 a ƙasa ba ta mutu ba.

Ina jin cikin ƙasar da aka kawo mini bara don cike gindin danga ya zo. Na tsince duk guntun da na gani. Guda ɗaya na sa a tukunya, na ɗora a kan siminti inda saiwa ba za ta sami hanyar ƙasa ba, ina so in ga furensa kafin in tabbatar.

24 ga Yuni

Danga ta rufe fiye da rabi. Ganye ya yi shar, wasu sun kai tafin hannu, amma toho ko ɗaya babu. A farkon wata na zuba takin zamani mai yawan naitirojin, kuma wannan kuskure ne, domin ƙasa mai ƙiba ganye take sa shi yi, ya manta da fure. Na daina ba da taki. Ban ruwa ma na rage, sai saman ƙasa ya bushe.

6 ga Yuli

Furen farko, kuma daga gajerun ukun nan ya fito. Shunayya ne mai duhu, maƙogwaron fari, da layi biyar masu ja-ja da suka taso daga tsakiya kamar tauraro. Faɗinsa santimita 5 na auna. Ba shi da alaƙa da hoton da ke jikin fakiti.

Raina ya ɗan ɓaci, don abin da na biya ba shi aka ba ni duka ba, kuma wanda bai zazzage irin ya duba ba zai yi ta kiran wannan da sunan da ba nasa ba, har ya ba wani. Amma furen kansa ba shi da laifi, kyakkyawa ne. Alamu sun nuna Ipomoea purpurea ne, wanda ya fi kowanne yawa a lambunan gidaje. Zan jira sauran su buɗe in jera su.

A tukunyar siminti ma baƙo ya yi fure, ɗan ƙarami, santimita 2, fari da ɗan ruwan hoda. A sandar furen, can ƙasa da shi, akwai 'yan mitsi-mitsin ganye biyu. Na tsaga shi na duba tsinken mace da ke tsakiya, kansa ya rabu biyu kamar zare. A Ipomoea kan nan dunƙule yake kamar kan ashana. Shakka ta kau, Convolvulus ne. Na juye tukunyar a kan kwano, na bar saiwar a rana har ta bushe ƙayau, ban kai ta ramin taki ba.

18 ga Yuli

Yau kam na ga abin da na shuka dominsa. Ƙarfe shida saura na fito na tarar da fure bakwai a gefen hagu, shuɗi tas irin na sama bayan an ɗauke ruwa, faɗin kowanne ya kusa santimita 10, maƙogwaron fari, can ciki kuma rawaya. Launi uku ke nan, daga nan sunan tricolor ya samo asali. Ƙudan zuma sun riga ni zuwa.

Jiya da yamma na duba tohon nan, a murɗe suke kamar lema a naɗe, kuma bakinsu ja-ja ne mai shunayya. Da safe sun zama shuɗi. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya, da suka fara naɗe baki, sai ja-jan ya dawo. Sinadarin launin bai canza ba, ruwan da yake ciki ne ke canzawa. Masu bincike a Japan sun auna wannan a 1995, suka ga ma'aunin tsami na pH a cikin ƙwayoyin furen yana tashi daga 6.6 a toho zuwa 7.7 idan ya buɗe, wato tsami na raguwa, launi na komawa shuɗi.

Mun gwada da 'yata. Muka murje fure ɗaya a cikin ruwa kaɗan, muka raba biyu. Ɗigon lemon tsami ya mai da ɗaya ruwan hoda nan take. Ɗayan muka ɗiga masa ruwan toka, ya koma shuɗi mai ratsin kore.

Kowane fure safiya ɗaya gare shi. Ranar da hadari ya rufe rana yakan kai azahar, ranar zafi kuwa kafin hantsi ya gama ɗagawa ya sunkuya.

27 ga Yuli

Na Gwaggo sun ƙi. Shidan da ke dama sun haye danga sun zubo ta baya, babu toho. Har na fara cewa takin nan ne bai sake su ba, sai na leƙa lungun hagu na ga biyun can ɗauke da toho rututu. Iri ɗaya, rana ɗaya aka shuka, taki ɗaya suka sha.

Da dare na fito na tsaya ina dubawa, sai na gane. Fitilar bayan gida a daidai kan na dama take, kuma kwana take a kunne. Lungun hagu duhu ne ƙirin. Furen safiya, musamman wasu nau'insa, tsawon dare yake aunawa kafin ya yi toho, kuma dole duhun ya zama a jere, haske kaɗan a tsakiyar dare ya isa ya rushe lissafin. A ɗakunan bincike an daɗe ana amfani da Ipomoea nil wajen nazarin wannan, domin dogon dare guda ɗaya tak kan sa ɗan tsiron da bai wuce ganyen farko ba ya ɗauki niyyar fure. Shi ya sa a ƙasashen da rana ke tsawo sosai a tsakiyar shekara mutane kan jira har ƙarshen zafi kafin su ga fure, kusa da tsakiyar duniya kuwa ba ya ɓata lokaci.

Na juya kan fitilar ta kalli ƙofa, na kuma kare gefen danga da guntun kwano.

5 ga Agusta

Na lungu sun buɗe. Gwaggo ta yi gaskiya, shuɗi ne, mai haske, maƙogwaro fari. Daga nesa da ƙyar za ka raba shi da na fakiti, kuma da hoto kawai aka nuna mini da na ce ɗaya ne.

Na tsinko fure ɗaya daga kowane rukuni, na kifa su a kan tebur, ƙeya sama. A gindin kowane fure akwai 'yan korayen kunnuwa biyar da ke riƙe da shi, kuma a nan ne gaskiyar take. Na tricolor gajeru ne ƙwarai, ba su wuce rabin santimita da kaɗan ba, sumul, da farin layi a gefe, sun lafe a jikin furen. Na purpurea sun ninka waɗannan, tsakanin santimita 1 da 1 da rabi, bakinsu da tsini amma ba ja, gindinsu da gashi mai tauri wanda kowane sili ke zaune a kan ɗan ƙullutu. Na Gwaggo kuwa dogaye ne zalalo, sun haura santimita 2, gindi da faɗi da dogon gashi, sannan su sirance su miƙe tsaye kamar wutsiya.

Wannan dogon kunne na Ipomoea nil ne. Na tsaya a kansa sosai saboda yana da ɗan uwa mai kama da shi, Ipomoea hederacea, shi ma shuɗi, shi ma ganye gida uku. Amma kunnen hederacea yakan tsuke farat ɗaya daga gindi, bakin ya lanƙwashe baya kamar ƙugiya, furensa kuma ya fi ƙanƙanta. Na Gwaggo a hankali suka sirance, kuma a miƙe suke. Na duba fure biyar, duk haka.

Da gilashin ƙara girma na leƙa kan tsinken mace. A purpurea da nil ƙulli uku ne a manne, a tricolor biyu.

Na kira Gwaggo na gaya mata cewa irinta shi ne wanda mutanen Japan ke kira asagao, ma'ana fuskar safiya. Daga Sin ya shiga ƙasarsu sama da shekara dubu da suka wuce, a matsayin maganin wanke ciki, daga baya a zamanin Edo, tsakanin 1603 da 1868, masu lambu suka dinga zaɓo masu baƙuwar siffa har suka fitar da furen da ya tsattsage kamar zare. Ta saurara har na gama, ta ce, "To madalla. Ka dai ajiye mini iri."

12 ga Agusta

Ganyen ƙasa sun fara ɗige-ɗigen rawaya. A bayansu akwai wasu jajayen ƙwari kamar ƙura, da siririyar saƙa irin ta gizo-gizo. Bushewa da zafi suke so. Na cire ganyen da suka lalace, sauran ina fesa musu ruwa ta ƙasa kowace safiya.

Convolvulus ya sake leƙowa a wuri biyu. Na cire.

26 ga Agusta

Wata guda bayan juya fitila, shidan dama sun fara buɗewa. Yau na ƙirga fure sittin da ɗaya a danga gaba ɗaya kafin in bari.

Tunda Gwaggo na son iri, ni ma ina so, na fara ɗaure toho. Wannan fure yana iya yi wa kansa barbara, domin tsinkayen namiji suna tsawo su goga kan na mace tun kafin baki ya buɗe. In ka ɗaure bakin tohon da zai buɗe gobe da zare tun da yamma, ƙudan zuma ba zai shiga da garin wani fure ba, irin zai fito sak uwarsa. Na ɗaure goma a nil, goma a tricolor, kowanne na sa masa jan zare a sanda don in gane shi.

15 ga Satumba

Ƙwanso ya ƙara tabbatar da abin da kunnuwa suka faɗa. A purpurea, da fure ya faɗi sai sandar ta lanƙwasa, ƙwanson ya kalli ƙasa, zagayayye, ɗaki uku, ƙwaya har shida. A nil tsaye yake, dogayen kunnuwan nan sun kewaye shi, shi ma ɗaki uku. Na tricolor mai tsini ne kamar kan alƙalami, ɗaki biyu, ƙwaya huɗu.

Purpurea ya fi kowa gaggawar zubar da iri, tun farkon wata nake tsintar ƙwaya a ƙasa. A gonakin auduga da waken soya da masara na Amurka haki ake ɗaukarsa, shi da hederacea, suna naɗe amfanin gona su hana injin girbi aiki. Yanzu duk furen da ya yi yaushi a ukun nan tsinke shi nake yi kafin ya ɗaure.

12 ga Oktoba

Masu jan zare sun nuna. Ƙwanson ya koma ruwan ƙasa, ya yi sakayau kamar takarda, in ka matsa sai ya fashe. Takwas cikin goma sun kama a nil, shida a tricolor. Na shanya ƙwayoyin a inuwa, a faranti daban-daban.

A kan maganar ajiya ba na wasa. Ƙwayar furen safiya ba abin sa wa a baki ba ce. Ta tricolor tana ɗauke da sinadarai masu juya hankali da sa amai, waɗanda Albert Hofmann, masanin sinadarai na Suwizalan, ya gano a irin waɗannan tsirrai a 1960. Ta nil kuwa gudawa mai tsanani take sawa. Ga shi kuma irin sayarwa sau da yawa an shafa masa maganin fumfuna. Na zaunar da 'yata na nuna mata, na ce ko ƙaninta ta gani da ita a hannu ta karɓe ta kawo mini. Farantan suna saman kabad, inda yaro da kyanwa ba sa kaiwa.

20 ga Oktoba

Ƙwayoyi sun bushe, farce ba ya shiga. Na zuba su a ambulan na takarda, a bayan kowanne na rubuta suna da shekara, na kuma zana siffar kunnen furen, don duk wanda na ba ya iya dubawa da kansa. Na Gwaggo na ware mata ƙwaya talatin.

Na yanke yaɗon da ya bushe daga igiyoyi, na share gindin danga sau biyu saboda irin purpurea da ya zube. Na san wasu za su tsiro baɗi, kuma da gashin kara zan gane su tun suna ƙanana. Kusa da turken tsakiya na sake samun ganyen kibiya guda uku. Na cire su, na rufe wurin da kwali mai kauri, na danne da duwatsu, zan ɗaga in duba ranar 3 ga Nuwamba.